Nama da kayan lambu a kasko, kafin shinkafa ta tsotse

Wata malamar makaranta da ke zaune a Rigasa ta aiko mini da tambaya. A cikin gari take koyarwa, kuma kafin ta kuɓuta daga cunkoson hanya ta biya Islamiyya ta kwaso yara, Magariba ta kawo jiki. Su shida ne a gida, ga shi likita ya ce maigidan ya rage gishiri da maiƙo. Ta ga ana soya naman sa da kayan lambu cikin 'yan mintoci, ta gwada har sau biyu. Ta ce: "Anti, naman ya fito kamar ƙirgi, kabejin ya saki ruwa ya caɓe, yara suka tsince karas suka jera a bakin faranti. Ina kuskuren yake?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina girkin biki da suna a garin nan, ina kuma koya wa amare girki, kuma da wuya a yi ɗalibar da ba ta kawo mini wannan kukan ba. Hannunki lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne kin shiga girkin da hannun miya. Mu yadda muka tashi muka gani, a wanke nama a sulala shi da albasa, a tsame a soya, a zuba markaɗe, a rage wuta, a rufe tukunya a tafi wani aikin. Shi kuwa wannan girki, wanda asalinsa na mutanen ƙasar Sin ne, komai nasa a juye yake: ba sulale, ba rufi, ba rage wuta, ba barin gindin murhu. Yanka ƙanana, mai kaɗan, kasko mai zafin gaske, minti goma an sauke. Aikin duk kafin a kunna wuta ake gama shi.

Mu fara daga wurin mahauci, don rabin matsalarki daga can kika ɗauko ta. Waɗanda kike gani a waya suna wannan girki, galibi naman hannunsu na shanun da aka kiwata a killace ne, aka yanka suna da ƙuruciya, sannan aka ajiye naman a ɗakin sanyi kwana da kwanaki har ya saki. Namu fa? Bunaji ne ko rahaji da ya sha tafiyar ƙasa yana neman ciyawa, aka yanka shi da asuba a kwata, kafin hantsi yana kan teburin mahauci. Ɗanɗano kam namu ya fi, ni dai a bakina, amma tsokarsa ta yi aiki ta gaji. Ga kuma wani abu da mata da yawa ba su lura da shi ba: 'yan sa'o'i bayan yanka, nama sandarewa yake yi, sai ya kwana ɗaya ko biyu a cikin sanyi sannan yake sakin jiki. Shi ya sa wanda kika sayo yau kika soya yau ya fi wanda ya kwana a firij tauri, alhali ke kina ganin sabo ya kamata ya fi.

In kin je, kada ki ce "a ba ni na naira kaza" ki yi shiru. Zai haɗo miki da ƙashi da jijiya da kitse, ya ɗora ɗan tumbi gyara, kuma bai cuce ki ba, naman miya ya ba ki. Ki ce masa tsoka zalla kike so, irin wadda masu tsire ke saye. Wadda ta fi kowacce laushi ita ce doguwar tsokar nan da ke kwance daga ciki, ƙarƙashin ƙashin baya, wadda mahauta da yawa ke ce wa filet. Dabba ba ta yin wani aiki da ita, shi ya sa take da taushi. Guda biyu ce tak a jikin kowane sa, kuma masu otal da masu tsire kan riga kowa, don haka ki yi sabo da mahauci ɗaya, ki riƙa gaya masa tun jiya ya ajiye miki. In ba ta samu ba, tsokar gadon baya ta waje ko ta saman cinya za ta yi. Ƙwauri da wuya da ƙirji ki bar wa farfesu, su sai sun sha wuta awa biyu suke miƙa wuya. Rabin kilo ya ishi mutum shida.

Na san za ki wanke shi, ni ma ina wankewa, naman kasuwa ba ya rasa ƙura da ɓurɓushin ƙashi. Amma ki wanke shi yana dunƙule, kafin yanka, sannan ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. In kika yanka sannan kika wanke, kin shayar da shi ruwan da zai amayar miki a kasko.

Yanzu wuƙa, kuma a nan nake so ki nutsu. Ɗora tsokar a kan katako ki dube ta da kyau a wurin haske. Za ki ga zare-zare sun miƙe sun nufi waje guda, kamar zaren tsintsiya a ɗaure. Waɗannan zaren su ne haƙori ke kokawa da su. In kika yanka kina bin tsawonsu, kowane yanki dogon zare ne da za a yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. In kika yanka a gicciye, kin daddatse su gajeru tun a kan katako, wuƙa ta yi wa haƙori aikinsa. Yanka ya zama fale-fale, kaurinsa kada ya wuce na kwali, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Ɗanyen nama yana da santsi, yana guje wa wuƙa, to ki jefa shi firiza na rabin awa ya ɗan ƙame ba tare da ya daskare ba, za ki ga yana yankuwa kamar sabulu. Ki kuma wasa wuƙar. Ranar da ba ki da lokaci, mai tsiren unguwarku ya fi mu duka iya wannan yankan, ki aika masa da ɗan abin goro ya feɗe miki.

Ko da kin yanka daidai, naman namu yana son ɗan taimako. Abin da na fi amfani da shi bekin soda ne, ba hodar kek ba, su biyun daban suke. Rabin cokalin shayi a rabin kilo, da ruwa cokali biyu, ki cakuɗa ki bar shi minti 20, ki ɗauraye, ki sake gogewa ya bushe. Yana hana tsokar ƙanƙancewa ta matse ruwanta idan ta ji wuta. Kada ki ƙara da sunan ya fi laushi, ɗanɗanon sabulu zai fito. Iyayenmu da kanwa suke wannan aikin, kuma hanyar ɗaya ce, sai dai ƙarfin kanwa ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, da wuya ki auna daidai. In akwai bishiyar gwanda a gidan, ki goga ɗanyar gwanda cokali ɗaya ki cuɗa da naman na minti 20 zuwa 30, ko ki murje ganyen ki naɗe shi a ciki. Akwai sinadari a ƙaron gwanda mai narkar da tsoka, kuma ba ya wasa, in kika manta shi ya yi awanni, naman zai dagargaje ya zama kamar dambu. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne jefa farasitamol a nama don ya yi laushi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka saboda illarsa ga hanta da ƙoda.

Bayan nan sai ki jiƙa shi: citta ɗanya da tafarnuwa da kika daka, ɗan masoro, cokali ɗaya na garin sitacin masara, wanda ake ce wa kwanfulawa, da cokali ɗaya na man gyaɗa. Sitacin yana yi wa kowane yanki 'yar riga da ke riƙe ruwansa a ciki, man kuma ya hana su manne wa juna. Minti goma ya isa. Citta kuwa ki nemi ɗanya, mu da ake nomanta a Kachia da Jaba da Kagarko har ana fita da ita ƙasashen waje, bai kamata a same mu da garin citta na gwangwani ba, duk da na san cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta sa kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Gaɓa ɗaya kamar babban yatsa ta wadatar.

To sai batun ruwan da kika ce ya cika miki kasko. Bari in ba ki labarin kaina. Farkon da na gwada girkin nan baƙi gare mu, dangin maigida. Na yanka nama kilo guda, na juye shi gaba ɗaya a ƙaramin kaskon suyar ƙwai. Da farko ya yi cuuu, na ji daɗi. Ban kai ga ɗauko cokali ba ƙarar ta mutu, wani ruwa toka-toka mai kumfa ya taso ya rufe naman, yana ɓararraka. Na tsaya ina jira ya ƙone, kafin ya ƙone naman ya zama igiya. Ranar sai markaɗe na zuba na mayar da shi miya, na yi shiru da bakina.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyar tsoka ruwa ne. Ruwa kuma, komai ƙarfin wutarki, ba ya wuce digiri 100. Ita kuwa wannan jar suya mai ƙamshi, irin wadda kike ji in kin gifta ta gaban mai balangu, ba ta fara samuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. In kika zuba nama kaɗan a kasko mai zafi, ruwan da ya fito nan take yake zama tururi ya tashi, naman ya soyu. In kika cika kaskon, sanyin naman ya kashe zafin ƙarfen, ruwa ya taru, kin koma dafuwa. Siririn yanka kuwa in ya dahu a ruwa minti biyar ya yi tauri, ba zai sake laushi ba sai ya ƙara awa guda. Saboda haka rabin kilon nan kashi biyu za ki raba shi, in kaskon ƙarami ne kashi uku. Za ki ga kamar ɓata lokaci ne, amma kowane kashi minti biyu ne.

Ba sai kin sayi wani kasko na musamman ba. Kaskon da mutanen Sin ke wannan girki da shi baƙin ƙarfe ne mai zagayayyen gindi da faɗin baki. Ki leƙa wurin mai ƙosai ko mai awara a bakin layinku, shi ne dai a gabanta. In kina da irinsa, kin gama. In babu, tukunyarki mafi faɗi mai kaurin gindi. Wanda ba na so shi ne kaskon nan mai baƙin shafe da ba ya kama abinci, domin ba a so a bar shi a kan wuta mai ƙarfi ba komai a ciki, shafen lalacewa yake yi. Wuta kuma, gas ki buɗe shi har ƙarshe. Gawayi in ya ruru ya yi ja, ya ma fi gas ɗin gida zafi, kada ki raina kurfoti. Risho ne mai rauni, in shi ke gare ki sai ki ƙara yawan kashin ki rage yawan abin da kike zubawa. Mai kuwa, man gyaɗa, yana jure zafi. Ɗanyen man shanu da bota saurin ƙonewa suke yi.

Kayan lambu ba su da wata doka, abin da kasuwa ta ba ki. Ga gida irin naku ina auna kamar kilo guda gaba ɗaya, wato ninki biyu na naman: karas uku, koren wake cikin hannu biyu, koren tattasai biyu da ja ɗaya, albasa babba, rabin ƙaramin kabeji, lawashi, attaruhu gwargwadon bakin gidan. Daga hunturu zuwa bazara, lokacin da kayan Jos da na lambunan rani ke sauka a Bakin Dogo da Kasuwar Gumi, waɗannan duk suna araha. Da damina in sun yi tsada, alayyahu, ɗanyar kuɓewa da aka yanka manya, yalo, ɗanyar masara da aka ɓanɓare, duk suna shiga. Ki lura ban ambaci tumatir ba. Ni a 2016 na riƙe girkin nan da gaske, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, muna zagaya kasuwa muna kallon kwando kamar gwal. Abincin da ba ya neman tumatir ko markaɗe, ba aike wurin inji, ba jiran ruwan miya ya ƙone, ai ya rage miki awa guda.

Ki wanke su tun suna ɗungum, ki zuba a kwando su tsane sarai kafin ki yanka. Jiƙaƙƙen kabeji shi ne ya caɓe miki. Karas ki yanka siri-siri a karkace, tattasai da albasa dogaye, kabeji manya-manya don yana saurin rusunawa. Ki fara yanka su kafin nama, in katako ɗaya ne gare ki, sannan ki wanke katakon da wuƙar da sabulu bayan naman. Kuma kada ki barbaɗa musu gishiri a kasko tun farko, gishiri janyo ruwan ganye yake yi.

Tunda zancen gishiri ya zo, bari mu yi maganar maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na burodin safe da na miyar rana da na yajin tsire. Mu kan ce mun rage gishiri, sai mu ƙara magi, alhali wajen rabin kowane dunƙule gishiri ne. Haka baƙin ruwan waken suya da ake ce wa soya sos, wanda masu wannan girki ke kwararawa: cokalin cin abinci ɗaya yana ɗauke da abin da ya haura giram 2 na gishiri. Don haka zaɓi ɗaya za ki yi. Ko soya sos cokali biyu ga tukunyar duka, ba magi ba gishiri, ko magi biyu ba soya sos. In za ki saya, ki duba lambar NAFDAC ki karanta abin da aka haɗa shi da shi. Wasu masu koyar da girkin za ki ji suna cewa a zuba giyar shinkafa, mu ba ruwanmu da ita, romo da lemun tsami sun tsaya a wurinta.

Ni kuwa in don bakina ne, daddawa nake sakawa. Rabin cokali, a daka ta lukui, a soya ta tare da citta da tafarnuwa. Wannan zurfin ɗanɗanon da ake nema a soya sos, daddawar kalwa tana da shi, don dukansu daga tsimammen iri suke. Wasu ɗalibaina kan yatsina fuska, wai girkin zamani da daddawa, sai sun ɗanɗana su yi shiru. Abin da ke sa a manta an rage gishiri shi ne tsami da ƙamshi da yaji: lemun tsami a ƙarshe, citta da yawa, masoro, lawashi. Ruwan haɗin ki dama shi a kofi tun kafin ki kunna wuta: rabin kofin romo ko ruwa, soya sos ko magin da kika zaɓa, da cokalin shayi biyu na sitaci. In sitaci ya yanke miki, ƙullun kamu yana yi, sai dai ya ɗan kawo tsami.

Ga yadda yammacin zai kasance. Kina shiga gida, kafin ki cire mayafi, ki ɗora ruwan shinkafa. Ki yi Magariba. Ki jera komai a faranti kusa da murhu, nama, kayan lambu kowanne da gefensa, kofin haɗi, da wani kwano wanda ba komai a ciki. In kin fara ba damar zuwa neman murfin kwalba. Ɗora kasko ba mai, ki bar shi ya yi zafi har in kin yarfa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace. Zuba mai cokali ɗaya, ki juya kaskon ya zagaye. Shimfiɗa kashin farko na nama, kowane yanki ya taɓa ƙarfe, sannan ki cire hannunki. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, don hannu zai yi ta ƙaiƙayin juyawa. Ki ƙirga sittin. Za ki ga gefen yankan ya fara yin ja, ƙamshi ya canja daga na ɗanyen nama zuwa na tsire. Sai ki juya, wani minti ɗaya, har jan jini ya ɓace, ki kwashe a kwanon nan. Ba ma cin nama da jini-jini, kuma da gaskiyarmu, naman sa da bai dahu ba yana iya ɗauke da tsutsar ciki. Amfanin siririn yanka ke nan, minti biyu ya dahu har ciki. Ki jira kaskon ya sake ɗaukar zafi, ki yi kashi na biyu.

Kada ki wanke kaskon, wannan jan da ya kama a gindi shi ne daɗin. Ƙara mai cokali ɗaya, ki zuba masu taurin kai tukuna, karas da koren wake, kina juyawa minti biyu. In kina so su ɗan yi laushi saboda yara, yayyafa ruwa cokali biyu ki rufe minti ɗaya, nan ne kaɗai aka yarda da murfi. Sai albasa da tattasai, minti ɗaya. Ki buɗe rami a tsakiya ki zuba sauran citta da tafarnuwa da daddawa da attaruhu, daƙiƙa talatin kawai, tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take yi. Kabeji ya biyo baya, da ya fara rusunawa ki mayar da naman har da ruwan da ya tsatso a kwano. Ki sake motsa kofin haɗin don sitaci kwanciya yake yi, ki zuba ta gefen kasko. Cikin minti ɗaya zai yi kauri ya yi sheƙi ya lulluɓe komai. Kashe wuta, matsa lemun tsami, watsa lawashi. Ki sauke tun kina ganin kamar da saura, don zafin jikinsu zai ƙarasa su a hanyar zuwa falo. Karas ya kamata ya yi garas a baki, koren wake kuma yana nan da korensa. Lokacin shinkafa ta tsotse.

In kin lissafa, mai cokali uku zuwa huɗu ne ya ciyar da mutum shida, ki gwada da ludayin da muke kwarara wa miyar dage-dage. Kowa ya samu nama kamar giram 80 da kayan lambu sama da giram 150, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so shi ne giram 400 na kayan lambu da na marmari a yini. Gajeren dahuwa kuma yana barin bitamin C na tattasai da kabeji, wanda doguwar tafasa ke kashewa, shi kuma yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ɗan man da ke ciki ma yana da aikinsa, sai da maiƙo jiki ke cin moriyar abin da ke cikin karas. Sai dai shayi yana hana jiki zuƙar wannan sinadarin ƙarfen yadda ya kamata, in maigida mai shayin dare ne, ya ba shi kamar awa guda bayan cin abinci. Jan nama kuma ba na kullum ba ne, sau biyu a mako ya isa, sauran ranakun ki yi da tsokar kaza, ko awara da aka soya sama-sama, ko ƙwai. Hanyar ba ta canjawa.

Abin da zai sa girkin nan gaba ɗaya ya ƙare cikin minti ashirin shi ne aikin Asabar. Ki sayo kilo guda, ki yanka, ki yi masa soda ki ɗauraye, ki jiƙa, ki raba a leda biyu, ki baje kowace ta yi faɗi kamar littafi kafin ki sa a firiza. Mai faɗi yana saurin daskarewa, yana saurin narkewa. Da safe ki sauko da ɗaya cikin firij, ko in kin dawo ki tsoma ledar a ruwan sanyi kwata awa. Amma ke kika san wutar layinku. In NEPA na yi muku kwana biyu ba ta leƙo ba, kada ki tara nama, ki sayi na kwana ɗaya ko biyu. Naman da ya narke ya ɗumama a firiza ba a sake daskarar da shi a ce an tsira. Karas da koren wake da kabeji suna jure kwana biyu zuwa uku a yanke cikin roba mai murfi, albasa kuwa sai lokacin. Abin da ya rage bayan an ci, kada ya wuce awa biyu a waje, musamman shinkafar, kuma in za a ɗumama a ɗumama shi ya yi zafi har ciki.

Ba dole sai shinkafa ba. Taliya, kuskus, dafaffen dankali ko doya duk suna tafiya da shi. Ranar da na makara sosai acca nake turarawa, ba ta ɗaukar lokaci, kuma ba ta da nauyi da dare.

Saura masu tsince karas. Yaro ya fi tsince abin da ya yi girma ya kuma yi lagwab. Ki yanka karas ɗin siriri kamar ashana yadda zai cakuɗe da taliya, ba ya tsintuwa. Ki raba attaruhu, ki kwashe nasu kafin ki zuba, ko ki ajiye yaji a gefe manya su barbaɗa. Wata dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce garin ƙuli-ƙuli cokali biyu a ƙarshe, sai abin ya koma ƙamshin tsire, in dai ba mai rashin jituwa da gyaɗa a gidan. Ki kuma ba babbar 'yarki ko ɗanki aikin tsinke kan koren wake, wanda ya sa hannu a girki da wuya ya ƙi ci. Shi kuma Baban yara, akwai yiwuwar ranar farko ya leƙa kwano ya ce, "To ina miyar?" Nawa ma haka ya ce. Ki ninka ruwan haɗin ya zama kofi guda, ki ƙara sitaci cokalin shayi ɗaya ba tare da kin ƙara magi ba, yadda zai samu abin da zai jiƙa shinkafarsa.